Auren Wilhelmine ta Bayreuth: biyayya ta yi ko fansar ƙaninta ta biya?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan gida. Kwana uku kenan ina bin labarin wata gimbiyar Jamus kuma wlh ya ƙi sakina, nace bari in kawo nan mu tattauna. Sunanta Wilhelmine, an haife ta 1709 a Berlin, babbar 'yar Sarkin Prussia ce, ɗaya daga masarautun Jamus na lokacin, wato Friedrich Wilhelm na ɗaya, wanda ake wa laƙabi da sarkin soja don ba abin da yake so a duniya kamar sojojinsa, har dogayen maza yake sa a nemo masa daga ƙasashe ya tara a runduna guda. Uwarta Sophie Dorothea kuma 'yar Sarkin Ingila George na ɗaya ce. To tun yarinyar nan tana ƙarama uwar ta ƙudurta a ranta ɗan yayanta za ta aura, wato Yariman Wales, shi kuma ƙaninta Fritz ya auri ƙanwar yariman mai suna Amelia, auren zumunci biyu a haɗe. Da wannan maganar aka raine ta, kullum ana ce mata ke sarauniyar Ingila ce ta gobe. Amma a fadar uban akwai waɗanda ba sa so, musamman wazirinsa Grumbkow da jakadan Ostiriya Seckendorff, don in Prussia ta haɗe da Ingila su Ostiriya ne za su ji a jika, sai suka dinga zuga sarki maganar tana ja har shekaru.
Ana cikin haka a watan Agusta 1730 Fritz, yana ɗan shekara 18, ya gaji da dukan uban ya yi yunƙurin guduwa aka kama shi. Abokinsa Katte da ya taimaka masa kotun soja ta yanke masa ɗaurin rai da rai, sarki yace bai yarda ba kisa ne, aka sare masa kai a Küstrin, inda ake tsare da Fritz, ran 6 ga Nuwamba 1730 aka kuma sa Fritz ya kalla ta taga har ya suma. Ita Wilhelmine an zarge ta da sanin shirin, aka kulle ta a ɗakunanta wata da watanni. Sai 1731 aka aiko mata manyan fada da saƙo: ki yarda ki auri yariman Bayreuth, wata ƙaramar masarautar Jamus, a sassauta wa ƙaninki, ko ki ƙi ki ga abin da zai biyo. Ta yarda. Aka ɗaura 20 ga Nuwamba 1731 tana da shekara 22.
Tambayata ita ce, wannan za a kira shi biyayya ga iyaye, ko kawai fansa ta biya da kanta?

Baban Sadiq:
Wa alaikumus salam Maman Hanif. Ni dai na ɗan san labarin kuma abin da ba ki faɗa ba shi ne auren ya yi kyau fa, aƙalla da farko. Ita da kanta ta rubuta cewa ta so mijin. Kuma ki duba, shi Yariman Wales ɗin da uwar ta nace a kai ya mutu 1751 uban nasa yana raye, bai taɓa hawa karaga ba, kuma iyayensa ba sa ga maciji da shi. Da ta aure shi sarautar ma da ake kwaɗaita mata ba za ta samu ba. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

'Yar Katsina:
Haba Baban Sadiq don Allah. Me uban ya hango? Ya san yariman zai mutu bayan shekara ashirin ne? Mutumin nan fushi ne ya ci shi da matarsa da danginta na Ingila, ya rasa yadda zai huce sai ya ɗauki 'yarsa ta fari ya jefa wata ƙaramar masarauta don ya baƙanta wa uwar. Shi fa angon ma asali ƙanwarta Sophie aka tanadar wa, dare ɗaya aka juya. In ka jefa mutum rijiya ya tarar da ruwa mai daɗi a ciki ai ba za a ce ka kyauta masa ba.

Baban Sadiq:
Ban ce halin uban mai kyau ba ne ƙanwata, abin da ya yi wa Katte zalunci ne ƙarara. Nace dai auren bai zama masifar da ake zato ba.

Maman Hanif:
Gsky ne ta so shi, shi ma sunansa Friedrich, ta girme shi da shekara biyu, mutum ne mai fara'a mai son busa sarewa ita kuma tana kaɗa wani abu mai tsirkiya kamar garaya, suka dace ta wannan wajen. Amma abin da ya fi taɓa ni shi ne ba ta da inda za ta juya. Uba na cewa in kin ƙi za a kai ki kurkuku, uwa na cewa in kin yarda ba ni ba ke. A rubutunta tace har barazana aka yi mata za a yi wa mai renonta Sonsfeld bulala a bainar jama'a, matar da ta riƙe ta tun tana yarinya bayan waccan mai renon ta farko 'yar Italiya mai suna Leti da ta dinga jibgarta a ɓoye. To ku ce min wace irin yarda ce wannan.

Malam Habu Tarihi:
Salamu alaikum. Ina so in ɗan ja hankali kan abu ɗaya kafin mu yi nisa. Mafi yawan waɗannan bayanan na cikin gida, dukan da barazanar da yunwar da tace suna tashi da ita daga teburin uban saboda rowarsa, daga bakinta suka fito, a tarihin rayuwarta da ta rubuta da Faransanci, don a fadojin Jamus na lokacin Faransanci ne yaren manya. Ba a buga shi ba sai 1810, shekara 52 bayan rasuwarta, har mutane suka ce ƙarya ce aka laƙaba mata sai daga baya da aka samo rubutun hannunta. Kuma masana sun nuna wurare da dama da ta ƙara gishiri ko ta rikita kwanan wata, ta rubuta ne lokacin ranta a ɓace. Wannan bai wanke uban ba, kisan Katte da ɗaurin Fritz ba a littafinta kaɗai suke ba, suna cikin takardun hukuma. Amma mu san cewa ɓangare ɗaya muke ji.

'Yar Katsina:
Malam na ji, amma in mace ta faɗi abin da aka yi mata kullum sai a ce ta ƙara gishiri. Mutumin da ya sa aka yanka saurayi ɗan shekara 26 a gaban ɗansa, marin 'yarsa ne zai yi masa wuya?

Malam Habu Tarihi:
A'a, ban musa dukan ba, jakadun ƙasashen waje da ke Berlin ma sun rubuta wa gwamnatocinsu irin yadda yake wa 'ya'yansa. Ina magana ne kan ƙananan bayanai da yadda ta zana wasu mutane kamar ba su da alheri ko ɗaya.

Anti Rabi:
Ni uwar ce ta fi ba ni haushi wlh. Kowa na ta uba uba. Uwar nan ita ta mai da 'yarta makami a faɗan da take da mijinta, tana sa yara su yi mata leƙen asiri, su ƙi wanda ta ƙi. Ko a ranar ɗaurin auren an ce sai kwance mata gyaran gashi take ana sakewa don a ɓata lokaci, wai ko ɗan saƙo zai iso daga Ingila. Ranar auren 'yarki fa. Ba farin cikin yarinyar take nema ba, so take a ce 'yarta ce sarauniyar Ingila.

Maman Hanif:
Anti kin taɓo wani abu, amma ita ma uwar in kin ji nata sai kin tausaya. Uwarta, wato kakar Wilhelmine, mijinta George na ɗaya ya sake ta 1694 bisa zargin tana tare da wani, ya kulle ta a gidan Ahlden har ta mutu 1726, shekara 32, ba ta sake ganin 'ya'yanta ba. Sophie Dorothea tana 'yar shekara bakwai aka raba ta da uwarta. Sai kuma ta faɗa hannun wannan mijin ta haifa masa 14. Ban ce ta yi daidai ba, amma gidan ne gaba ɗaya haka, kowa abin da aka yi masa yake sauke wa na ƙasa da shi.

Anti Rabi:
Allah sarki, ban san wannan ba. Amma dai duk da haka.

Ɗan Zinder:
To shi Fritz ɗin da ta sayar da rayuwarta dominsa ya gode mata kuwa?

Maman Hanif:
Nan ne wajen da ya sa ni hawaye. An bar shi ya zo Berlin ana cikin shagalin bikin, bayan fiye da shekara ba su ga juna ba. Tace da ƙyar ta gane shi, ya yi ƙiba ya canza, ta ruga ta rungume shi tana kuka shi kuma ya amsa ta a sanyaye kamar baƙuwa. Kurkuku ya koya masa ɓoye zuciya. Shi ma ai bai tsira ba, 1733 aka aura masa Elisabeth Christine wadda ba ya so, da ya hau mulki 1740 ya ajiye ta a gidanta daban, ba su haihu ba. Daga baya shi ne duniya ta sani da Friedrich Mai Girma. Amma sun ci gaba da rubuta wa juna wasiƙu har mutuwarta, ɗaruruwa.

Abba Nuremberg:
Salam jama'a, yanzu na shigo na ga ana maganar Bayreuth, ni a Nuremberg nake zaune kusan awa ɗaya ne a jirgin ƙasa kuma na je. Garin ƙarami ne har yanzu balle 1732 da aka kai ta. Ta bar Berlin ta tarar da fada labule duk a yage, suruki mai rowa da shan giya, sai da ya mutu 1735 mijinta ya hau sannan ta samu ta numfasa. To abin da ta yi da garin nan sai kun gani. Akwai gidan wasan waƙe da suka gina, daga waje za ka wuce shi ka zaci gidan wani attajiri ne na dutse, amma kana shiga sai ka tsaya cak, cikin gaba ɗaya katako ne, hawa hawa na wuraren zama an sassaƙa an yi fenti da shuɗi da ruwan zinare, abin da za ka rantse marmara ne in ka matsa kusa sai ka ga katako ne da zane aka yi wa fenti, har ƙamshin tsohon katako na ji. Wani ɗan Italiya Giuseppe Galli Bibiena da ɗansa Carlo suka tsara cikin. UNESCO ta sa shi a jerin kayan tarihin duniya 2012, an rufe shi an yi gyara shekaru aka sake buɗewa 2018. Sannan akwai lambun Eremitage da mijin ya ba ta kyauta da ya hau mulki. Ita kanta ta tsara kiɗan wani wasan waƙe mai suna Argenore a 1740, kuma labarin wani azzalumin sarki ne da ya halaka 'ya'yansa, ba sai an faɗa maka wa take nufi ba. Jami'ar Erlangen da ke kusa da mu ma mijinta ne ya kafa 1743, sunansa na jikinta har yau.

Baban Sadiq:
Kun ji ko. Da tana Ingila ƙarƙashin surukai da majalisa ina za ta samu wannan sakewar?

Malam Habu Tarihi:
Amma a tambaya da kuɗin wa. Masarautar ƙarama ce, manoma ne ke biyan haraji, kuma sun bar ta cikin bashi mai nauyi. Tsohuwar fadar ta ƙone 1753 suka gina sabuwa, 1754 kuma suka tafi yawon Faransa da Italiya na watanni. Mu muna sha'awar ginin yau, wanda ya yi noman da aka biya ba wanda ya rubuta sunansa.

'Yar Katsina:
Wannan gaskiya ne Malam, ban da ja. Amma Baban Sadiq ka jira a faɗa maka ƙarshen auren mai daɗin. Maman Hanif faɗa masa maganar Marwitz.

Maman Hanif:
Hmm. Lokacin da za ta tare ta taho da wata yarinya daga Berlin, Wilhelmine von der Marwitz, takwararta ce ma, kuma 'yar 'yar uwar mai renonta Sonsfeld. Ta riƙe ta kamar ƙanwa, ita ce aminiyarta, ba abin da take ɓoye mata. Ashe mijin yana nemanta. A cikin gidanta, shekaru, har fada kowa ya sani. Ita kuma 'ya ɗaya ta haifa, mace, 1732, ba namiji mai gado, ga ciwo na cinta. A ƙarshe 1744 ta aurar da Marwitz ɗin ga wani hafsan sojan Ostiriya mai suna Burghauss, wannan kuma ya jawo mata fushin Fritz don Ostiriya abokan gabarsa ne kuma dukiyar gidan Marwitz za ta fita daga Prussia. Ga shi 1745 ta je ta gaisa da Maria Theresa mai mulkin Ostiriya da ta biyo ta ƙasarsu, Fritz ya ɗauka cin amana ne, suka yi kusan shekara biyu a ɓace kafin su shirya. Ka ga miji ya ci amana, aminiya ta ci amana, ƙanin da ta fanshe yana fushi da ita.

Anti Rabi:
Innalillahi. Wannan ya fi kishiya ciwo, kishiya aƙalla ta ƙofa ta shigo an san da ita tana da haƙƙi kina da haƙƙi. Wannan kuwa ke kika ɗauko ta da hannunki kina ci da ita a kwano ɗaya.

Baban Sadiq:
To wannan kam bai kyauta ba. Amma laifin mijin ne ba laifin yadda aka haɗa auren ba, auren soyayya ma ana cin amana.

Ummu Khairat:
Tun ɗazu nake karantawa ban yi magana ba. Baban Sadiq bambancin shi ne wadda ta zaɓa da kanta in abin ya ɓaci tana da gidan komawa tana da bakin magana, wadda aka ce ki yarda ko ɗan uwanki ya ruɓe a kurkuku wa za ta kai wa ƙara. Yayata aka yi wa haka, ba sarauta ba komai, bashi ne ake bin babanmu kuma mai bashin yana sonta. Ba wanda ya doke ta, kawai mamanmu ce ta zauna bakin gadonta da daddare tana kuka tana cewa ki rufa mana asiri. Na tuna ranar kamu tana zaune an lulluɓe ta, na ɗaga mayafin in ba ta ruwa na ga ta cije gefen zanin da haƙori don kada a ji kukanta. Yau shekara 19 tana gidan, yara biyar, ta gina gidan kanta da sana'ar ɗinki, kowa cewa yake kun ga albarkar biyayya. Ni kuma da nake kwana ɗaki ɗaya da ita na san ƙoƙarinta ne, ba kyautar wanda ya tura ta ba. Shi ya sa da Abba ya kwatanta ginin nan jikina ya yi sanyi, don na san irin matan da ke zuba baƙin cikinsu a aiki.

Baban Sadiq:
Allah ya saka wa yayarki da alheri Ummu Khairat, ya sanyaya mata. Ba ni da abin cewa a nan. Ina da 'ya'ya mata uku kuma ba zan yi musu haka ba, abin da nake gudu kawai kada a mai da duk zaɓin iyaye zalunci.

Ummu Khairat:
Amin Baba. Zaɓi daban tilas daban.

Ɗan Zinder:
To ita da ta ɗanɗana, 'yarta fa? Ta bar ta ta zaɓa?

Abba Nuremberg:
Ai wannan gidan wasan da nake ba ku labari don bikin 'yar aka buɗe shi, Satumba 1748. Elisabeth Friederike Sophie sunanta, shekararta 16, ana cewa tana cikin kyawawan gimbiyoyin lokacin. Aka ba Karl Eugen mai mulkin Württemberg, wata masarautar Jamus, wanda ya yi zama a fadar Fritz yana yaro, kuma da hannun Fritz a haɗin don siyasa. Mutumin ya cika neman mata, 'yar da suka haifa ta rasu tana jaririya, 1756 yarinyar ta zo ganin gida Bayreuth ta ƙi komawa har abada.

'Yar Katsina:
Kai. Wato Fritz ɗin da aka yi wa auren dole aka yi wa yayarsa, shi ne ya zo ya haɗa na 'yar yayar.

Anti Rabi:
Amma ku lura da abu ɗaya, da yarinyar ta dawo iyayen ba su kora ta ba, ba su ce koma ɗakinki ki yi haƙuri ba. Sun bar ta ta zauna. Ni a wajena wannan ya fi ginin daraja.

Malam Habu Tarihi:
Wilhelmine ba ta daɗe ba bayan haka. Ta rasu 14 ga Oktoba 1758 tana da shekara 49, a daidai ranar da sojojin Ostiriya suka afka wa Fritz da asuba a Hochkirch suka yi masa mummunar ɓarna. Labarin mutuwarta ya fi girgiza shi, daga baya ya gina wata 'yar ƙubba a lambunsa na Sanssouci ya sa mutum-mutuminta a ciki tana zaune da littafi a hannu. Mijin kuma ko shekara ba a cika ba, 1759, ya auri Sophie Caroline ta Braunschweig, 'yar ƙanwar marigayiyar ce ciki ɗaya, don neman magaji. Bai samu ba, ya mutu 1763.

Maman Hanif:
'Yar ƙanwarta kuma? Wannan ban kai wajen ba. Abba don Allah a ina aka binne ta, an mayar da ita Berlin wajen danginta ne?

Abba Nuremberg:
A'a Maman Hanif tana nan Bayreuth, a cocin tsohuwar fada, tafiyar minti kaɗan daga gidan wasan. Na leƙa, wani ɗan ɗaki ne aka killace, akwatuna uku na dutse a jere, nata da na mijin da na 'yar, don ita ma 'yar a Bayreuth ta ƙare rayuwarta ta rasu 1780. In na koma zan ɗauko muku hoto in sha Allah.

Ummu Khairat:
Don Allah ka ɗauko har da na cikin gidan wasan, ina so in nuna wa yayata.